Rezon ɗakin kwamfutarmu ya hana ni sakat, wa ya san kan abin?

Mamman Sani: Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanku da warhaka. Taimako nake nema a kan rezon wurin aikinmu a Sabon Gari, nan Damagaram, wato haɗin kwamfutocinmu da juna da kuma intanet. Shago ne a bakin titi inda muke buga takardu da fotokofi, sai ɗakin karatu can ƙuryar gida, da tsakar gida mai faɗi a tsakaninsu. A shago akwai kwamfuta 2, injin buga takardu, da modem mai layin 4G. A ɗakin karatu kwamfuta 12 ne a kan siwic ɗaya, wato akwatin da ake soka kabul ɗinsu duka don ya haɗa su, kabul guda ya taso daga shago ya bi ta kan rufin kwano ya same su. Akwai kuma ƙaramin rutar da aka ƙara a ɗakin don ɗalibai su samu wifi a wayoyinsu.

Tun da bazarar nan ta kama abin ya lalace. Da safe lafiya lau, rana na yin tsaka sai shafi ya yi ta juyawa bai buɗe ba. Wata rana kuma wasu kwamfutocin na aiki, na kusa da su ba intanet sam, kuma ba sa ganin injin bugawa. Iyaye na biyan kuɗi don 'ya'yansu su koyi aiki, ga shi rabin lokacin darasi na tafiya a jira. Abin na ci mini rai ƙwarai.

Alhaji Ado: Wa'alaikumus salam. Mamman, kar ka wahalar da kanka. Kamfanin layin ne. Kowa a garin nan kuka yake da rezo. Cire layin ka sa na wani kamfani, ka huta.

Nura Birni: Ko kuma birus ne ya shiga. Yara na zuwa da kilen USB daga ko'ina suna sokawa. Ka goge kwamfutocin duka a sake zuba musu Windows.

Malam Isuhu: Alhaji, Allah ya ƙara girma, ku ɗan dakata tukuna. Nura, kai ma riƙe hannunka, goge kwamfuta 12 aikin yini da yini ne, kuma ba mu san ko can ciwon yake ba. In famfon ɗakinka ya ƙi zuba, ai sai ka fara leƙa na tsakar gida kafin ka ce garin ne ba ruwa. Rezo kashi biyu ne: na cikin gida, wato kwamfutoci da kabul da siwic har zuwa modem, sai na waje, daga modem zuwa eriyar kamfani. Mamman, ka faɗi wata magana da ta tsaya mini. Ka ce ba sa ganin injin bugawa. Injin nan yana cikin gidanka, takarda ba ta bi ta kamfanin waya kafin ta kai gare shi. Ko an cire layin gaba ɗaya ya kamata a iya bugawa. Tunda shi ma yana ɓacewa, akwai ciwo a cikin gida.

Alhaji Ado: To amma Malam, ni a shagona na Kasuwar Dole da na canza layi abin ya gyaru.

Malam Isuhu: Na yarda, Alhaji. Naku waya ce da kwamfuta ɗaya a kan modem, babu kabul babu siwic, don haka in ta yi nauyi kusan kullum daga waje ne. Na Mamman akwai hanyoyi da yawa da abin zai iya karyewa.

Zainabu Kyari: Sannunku da ƙoƙari. Yaya Mamman, akwai wani gwaji da ba ya cin ko dala. Ranar da abin ya rabu biyu, ka zauna a kan kwamfutar da ke aiki, ka danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta cmd. Baƙin allo zai fito. Ka rubuta ipconfig. Ka kwafo mana lambar da ke gaban Adresse IPv4 da wadda ke gaban Passerelle par défaut. Sai ka tashi ka yi haka a kan wadda ta ƙi aiki. Lambobin nan huɗu nake son gani.

Mamman Sani: Yau ma abin ya faru, bayan kuran ya ɗauke ya dawo. Mai aiki: 192.168.8.104, ta ƙasa 192.168.8.1. Wadda ta ƙi: 192.168.0.101, ta ƙasa 192.168.0.1. Na duba sauran, duk masu 8 suna aiki, duk masu 0 sun tsaya.

Zainabu Kyari: Madalla, ga ɗaya ya fito fili. Kowace na'ura in ta kunnu sai ta yi kira a cikin rezo tana neman adireshi, kuma wanda ya fara amsa mata shi take bi. Aikin raba adireshin nan shi ake kira DHCP, kuma na'ura ɗaya ce tak ya kamata ta riƙa yin sa a rezo ɗaya. A wurinka biyu ne ke yi: modem na raba masu 8, ƙaramin rutar na raba masu 0. Wadda ta karɓa daga ƙaramin rutar tana miƙa masa duk saƙonta tana zaton shi ne ƙofar fita, alhali shi ba shi da hanyar waje. Injin bugawa kuma yana cikin masu 8, shi ya sa masu 0 ba sa ganin sa ko da kabul ɗaya ya haɗa su.

Dalilin da ya sa ya fi tsanani bayan ɗaukewar kuran kuwa, ƙaramin rutar yana cikin ɗakin tare da su, kuma yakan riga modem tashi. Kwamfutar da aka yi saurin kunnawa shi za ta tarar a farke. Duba mini bayansa, a wane rami aka soka kabul ɗin da ya fito daga siwic?

Mamman Sani: Ramuka huɗu ne masu launi ɗaya a jere, da wani guda mai launi daban an rubuta WAN. A cikin huɗun nan aka soka.

Zainabu Kyari: Haka na zata. Yanzu cire shi gaba ɗaya daga siwic, ka kashe kwamfutocin ka sake kunnawa. Duk za su dawo masu 8. In ka ga wata ta fito da lamba mai farawa da 169.254, wannan ba wanda ya amsa mata sam, ita ta ƙirƙiro wa kanta, sai a duba kabul ɗinta.

Laminu Zango: Ni dai ban gamsu ba a ce wannan ne duka. Ya ce da tsakar rana abin ke nauyi. Adireshi bai san rana ba, bai san dare ba. Zafi ne. A watan Afrilu da Mayu garin nan na wuce digiri 40 a inuwa, balle ƙarƙashin kwano. Na sha buɗe siwic in tarar ƙurar hunturu ta toshe ramukan iskarsa kamar an yaɓe, ya yi zafin da ba ka iya riƙe shi. Ga kuma sharjar. Modem da ke son bolt 12 amfiya 2, a sa masa na amfiya 1 don nasa ya ƙone, fitilu za su kama amma da aiki ya yi yawa sai ya mutu ya sake tashi da kansa. Mamman, taɓa su da azahar ka ji, kuma ka karanta rubutun jikin sharjar ka gwada da na ƙasan modem.

Malam Isuhu: Laminu ya yi gaskiya a kan cewa ciwo biyu ne. Wanda ɗiyata Zainabu ta kamo shi ne na rabuwa. Na tsakar rana yana nan, kuma da gwaji za a kamo shi, ba da zato ba. Mamman, gobe da azahar, lokacin da abin ya yi nauyi, ka buɗe baƙin allon nan a kwamfutar shago ka rubuta ping 192.168.8.1 -t ka bar shi yana gudu. Ka je ɗakin karatu ka yi haka a kan wata. Abin da yake yi, yana aika ɗan saƙo ga modem yana auna lokacin da amsa ke ɗauka. A kan kabul mai lafiya za ka ga temps<1ms ko 1ms, layi bayan layi ba fashi. In kana ganin Délai d'attente de la demande dépassé, saƙon ya ɓata a hanya ke nan. Ka tsayar da shi da Ctrl da C, zai faɗa maka kashi nawa cikin ɗari ya ɓata. A cikin gida ko ɗaya bai kamata ya ɓata ba.

Mamman Sani: Na yi yadda kuka ce. Da farko dai, tun da na cire ƙaramin rutar ba a sake samun mai 0 ba, kuma kowa na ganin injin bugawa. Allah ya saka da alheri, Malama Zainabu. Sharjar modem nasa ne na asali, Laminu, lambobin sun dace. Siwic ɗin dai yana cikin akwatin ƙarfe a rufe, ya yi zafi sosai, na buɗe na hure ƙurar na bar ƙofar a buɗe. Game da ping: a shago ba fashi ko ɗaya, ko da rana. A ɗakin karatu da safe ƙalau, da azahar kuwa sai ya amsa kaɗan ya faɗi, ya amsa ya faɗi. Na duba gudun katin rezo a kwamfutar ɗakin, ta nuna 100 Mbits/s, na ce ko ke nan kabul lafiya yake?

Zainabu Kyari: A'a Yaya, wannan lambar ta ɗan guntun kabul ɗin da ke tsakanin kwamfutar da siwic ce kawai, ba ta san halin na kan rufi ba. In kana da kwamfutar hannu mai ramin rezo, zare dogon kabul ɗin daga siwic ka soka mata kai tsaye, ka sake ping, ka duba gudun a nan. Da haka ka fitar da siwic daga lissafi. In ya gyaru, maganar Laminu ce. In bai gyaru ba, kabul ne.

Mamman Sani: Na soka kai tsaye da rana tsaka. Ta nuna 10 Mbits/s, can kuma ta ce an cire kabul, can ta dawo. Ping na faɗuwa kamar dā.

Laminu Zango: To siwic ya fita. Amma dai zafi ne ke kashe kabul ɗin, a nan ban janye ba.

Malam Isuhu: Ba ka janye ba kuma ba ka yi kuskure ba. Mamman, hau rufin da sassafe kafin kwano ya ɗau zafi, ka bi kabul ɗin da hannu. Ina kyautata zaton irin mai toka-toka ko fari ne na cikin ɗaki. Rigarsa ba a yi ta don rana ba, takan bushe ta tsattsage, in ka lanƙwasa sai ta fashe. Sannan ka yanko ɗan guntu daga ƙarshensa, ka fere waya ɗaya, ka kankare ta da reza. In jan ƙarfe ce zalla, ja za ta tsaya har ciki. In ka ga fari ya bayyana, alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe a sama, shi ne wanda ake rubuta CCA a kwalinsa, wani lokaci ma ba a rubutawa. Irin wannan ya cika kasuwa saboda araharsa, kuma araha ba ta ado. Alminiyam bai kai jan ƙarfe ɗaukar wuta ba, wajen kashi 60 cikin 100 yake kaiwa, yana saurin karyewa, kuma a bakin filogi yakan yi tsatsa ya saki. Kowane ƙarfe kuma in ya yi zafi ƙarfin saƙon da ke bi ta cikinsa raguwa yake. Mita 100 da ake cewa ita ce iyakar kabul ɗin rezo, da jan ƙarfe zalla aka auna ta, a yanayin digiri 20. Kabul da ke kwance a kan kwanon Damagaram da azahar ya yi nisa da wannan awon. Shi ya sa da safe yake lallaɓawa, da rana ya kasa.

Nura Birni: Ni abin da ban gane ba, in waya ta karye ai sai ya mutu gaba ɗaya. Ya aka yi yake rabin aiki?

Zainabu Kyari: Wayoyi 8 ne a ciki, an murɗe su biyu-biyu. Gudun 10 da na 100 wayoyi 4 kawai suke amfani da su, na rami na 1, 2, 3 da 6. Gudun 1000 ne ke son duka 8. Don haka wata na iya karyewa a ci gaba da aiki. In kuma saƙo na lalacewa a hanya, sai a yi ta sake aiko shi, wasu katunan ma su sauko ƙaramin gudu da kansu. Kai da ke zaune gaban allo nauyi kawai kake gani. Ɗalibai 12 kuma duk ta wannan kabul ɗaya suke bi.

Mamman Sani: Na hau. Rigar ta farfashe a wurare da yawa, a wani wurin ana ganin wayoyin ciki. Akwai ma inda aka yi haɗi aka naɗe da salatif. Na kankare, fari ne tas a ciki. Tsawonsa zai kai mita 60.

Alhaji Ado: To tunda haka ne a bar kabul mana. Ka sayi irin na'urar nan mai ƙara ƙarfin wifi ka sa a tsakar gida, ba haƙa ba hawa rufi.

Malam Isuhu: Alhaji, ga waya ɗaya ko biyu zai yi. Ga aji guda ba na ba da wannan shawara. Mai ƙara ƙarfin nan da eriya ɗaya yake karɓa yake kuma aikawa, gudun yakan ragu kusan rabi tun kafin a fara rabawa. Ginin namu kuma bai taimaka ba. Katangar laka mai kauri na shanye wifi, kwano na mayar da shi baya. Wifi iri biyu ne, na 5 GHz ya fi sauri amma ya fi kasa ratsa bango, na 2.4 ya fi ratsawa amma maƙwabta duk a kansa suke. Kwamfutar da ba ta motsi daga tebur, kabul ne nata.

Laminu Zango: In za a sake ja, don Allah kar a mayar da shi kan rufi. Damina na tafe. Waya mai jan ƙarfe da ta haɗa gini biyu ta sama, tsawa ko ba ta faɗo a kanta ba, in ta faɗi kusa tana iya turo wutar da za ta ƙone ramin modem da siwic lokaci ɗaya. Kowace damina sai an kawo mini irinsu ateliye. A haƙa ƙasa a sa shi cikin tiyo. Wanda ke da hali ma fibar ya fi, da 'yan akwatunan juyawa biyu, ɗaya a kowane ɗaki, don zaren gilashi ne, wuta ba ta bin sa.

Zainabu Kyari: Fibar ita ce ta fi kwanciyar hankali, amma a mita 60 baƙin kabul na waje mai jan ƙarfe zalla, Cat6 ko Cat5e, a cikin tiyo a ƙasa, ya wadatar, in dai za a riƙa zare shi daga bangarorin biyu in hadari ya haɗo. Mu koma kan ƙaramin rutar, don yara za su tambayi wifi ɗinsu. Haɗa shi da kwamfuta ɗaya shi kaɗai, ka shiga 192.168.0.1, ka kashe DHCP, ka canza adireshinsa zuwa 192.168.8.2, sannan ka mayar da shi kan siwic ta ramin da yake dā. In yana da zaɓin point d'accès, danna shi kawai ya isa. Injin bugawa kuma ka shiga modem ka keɓe masa adireshi ɗaya na dindindin, don in lambarsa na canzawa bayan kowace ɗaukewar kuran, kwamfutoci za su ci gaba da neman sa a tsohuwar.

Laminu Zango: Ni da zan yi, a ramin WAN zan soka in bar DHCP ɗinsa. Wayoyin yara su zauna a nasu rukunin, kuma a yawancin irin waɗannan rutar sai ta WAN ɗin ne iyakance gudu ke aiki.

Zainabu Kyari: Wannan ma hanya ce mai kyau, kuma ta fi sauƙi. Abin da ba ya yiwuwa shi ne yadda yake dā, ramin LAN, wato ɗaya cikin huɗun nan, da DHCP a kunne. In ana son a ƙayyade wa wayoyi rabonsu, ta Laminu ta fi tawa.

Mamman Sani: Na bi ta Laminu, na soka a WAN, wayoyi na samu kuma kwamfutoci ba su rikice ba. Na kuma aro dogon kabul mai kyau na shimfiɗa ta tsakar gida na wucin gadi, na rufe shi da tabarmi. Azahar ta yi ta wuce ping bai faɗi ba. Har na ji sanyi a raina da na ga aji guda na aiki ba mai ɗaga hannu. Sai dai ajin dare, daga bayan magariba, intanet ɗin na nauyi har a shago.

Alhaji Ado: To kun gani? Ai na faɗa tun farko.

Malam Isuhu: A wannan kam mai yiwuwa maganarku ce, Alhaji, kuma yanzu muna da yadda za mu tabbatar. Mamman, da dare ka buɗe baƙin allo biyu a shago. Ɗaya ping 192.168.8.1 -t, ɗaya ping 8.8.8.8 -t, wannan na Google ne, yana waje. In na farko na 1ms na biyu kuma na hawa ɗaruruwa yana faɗuwa, nauyin daga modem zuwa waje yake. Amma kafin ka ɗora wa kamfani, zare ɗakin karatu da wifi, ka bar kwamfuta ɗaya tak. In ya sauko, ku ne kuka cika layin. In bai sauko ba, eriyar unguwar ce ta cika, don 4G rabawa ake tsakanin duk wanda ke kanta, kuma bayan magariba kowa na riƙe da waya.

Hajiya Balki: Ku gafarce ni in sa baki, ni ma ina da ɗakin koyarwa na mata a Garin Malam. Abin da ya cinye mana forfe ba a sani ba shi ne Windows da ke sabunta kanta a ɓoye, kowace kwamfuta na jan nata, da wayoyin da ke tura hotuna da bidiyo sama da zarar sun ga wifi. Turawa sama ɗin nan ita ta fi shaƙe layi. Muka sa kowace kwamfuta a connexion limitée, zaɓin Windows da ke rage abin da take ja a ɓoye, muka ware ranar da ba darasi don sabuntawa, kod ɗin wifi kuma ana canza shi lokaci-lokaci, don in ba haka ba rabin layin unguwa na da shi. Ban hana ɗalibai wifi ba, da yawansu a nan kaɗai suke samu, iyaka dai aka sa.

Mamman Sani: Na gode Hajiya, ni ma ba na son hana su. Na yi gwajin Malam jiya da dare. Da na zare kowa ya sauko sosai, amma bai kai na safe ba. Ke nan akwai namu akwai na waje.

Laminu Zango: Naku ku rage shi da shawarar Hajiya. Na waje kuma a ina modem yake zaune? In yana ƙasan kanta ko bayan injin fotokofi, ɗaga shi sama kusa da taga, nesa da kwano da ƙofar ƙarfe, ka riƙa duba ƙarfin siginar a shafinsa kana matsar da shi. In yana da ramin eriya, ta waje a kan ƙarfe na taimakawa. Ka kuma aro layin wani kamfani ka gwada a daidai wannan lokacin na dare kafin ka sayi komai, don unguwa da unguwa sun bambanta. Sannan ka sa modem da siwic a kan ondular, akwatin nan mai ajiye wuta, ko ƙaramin batir na bolt 12 in bolt 12 suke so, su daina mutuwa duk sanda kuran ya kifta.

Mamman Sani: Zan gwada duka. Malam Isuhu, ko za ku samu zuwa ku ja mana sabon? Ba na son a sake yin aikin ido.

Malam Isuhu: In sha Allahu ranar Asabar bayan sallar asuba, kafin rana ta ɗaga. Ka sa a haƙa ramin tun Juma'a da yamma, zurfin kamu biyu, ya bi gefen katanga ba tsakiyar gida ba. Ka sayi tiyo mai faɗin da zai ɗauki kabul biyu, za mu ja biyu a bar ɗaya ajiya. Wajen sayen kabul ka tafi da reza, ka ce a yanko maka guntu ka kankare a gaban mai shago kafin a auna. Ka ƙara mita 10 a kan awonka, ba na son haɗi a tsakiya. Filogi da abin matsewa da na'urar gwaji zan zo da nawa. Nura, in kana da lokaci ka zo ka riƙe mini, ka ga yadda ake jera launukan.

Nura Birni: Zan zo, Baba. In taho da igiyar ja ko akwai?

Malam Isuhu: Taho da ita, tawa ta gajarta.